Kafin 'Yan Gwangwan Su Riga Mu: Batun Faifan Fulofi da Na'urar Karanta Shi

 

A farkon watan Yuli na shekarar 2024, ministan harkokin fasahar zamani na ƙasar Japan a wancan lokaci, Taro Kono, ya fito ya shaida wa duniya cewa gwamnatinsu ta yi sallama da faifan fulofi. Shekara biyu ya yi yana wannan fafutuka, sai da aka soke ƙa'idoji 1,034 waɗanda suka sa dole mutane su riƙa kai wa hukuma bayanansu a kan irin wannan faifai. Japan fa ake magana, ƙasar Sony da Toshiba. Labarin ya ba mutane da yawa mamaki. Ni kuwa tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: idan masu ƙera abin da kansu sun ajiye shi, ina makomar faya-fayen da ke jibge a durowoyin gidajenmu da kabad-kabad na ofisoshinmu, kuma da me za a karanta su gobe?

Saboda 'yan baya da ba su riski zamaninsa ba, fulofi wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannu ba, da ɗan murfin ƙarfe mai zamewa a gefe guda. A cikin kwanson akwai siririn faifan roba mai laushi wanda aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, irin wanda ke jikin zaren kaset. 'Yar alamar nan da kuke dannawa a Microsoft Word idan za ku adana rubutu, hotonsa ce. Mutanenmu na shagunan buga takardu disket suke ce masa.

Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1971, mai faɗin inci 8, yana ɗaukar kilobayit 80 kacal. A 1976 kamfanin Shugart ya kawo mai inci 5 da kwata. A farkon shekarun 1980 Sony ya kawo mai inci 3 da rabi, wanda Apple ya sa a kwamfutar Macintosh a 1984, IBM kuma ya sa mai megabayit 1.44 a kwamfutocinsa a 1987. Wannan na ƙarshe shi ne wanda akasarinmu muka sani. Hoto guda na wayar zamani ba zai shiga cikinsa ba. Amma idan rubutu ne, zai ɗauki haruffa sama da miliyan ɗaya, wato littafin labari sukutum har da rara. A 1998 Apple ya fito da iMac babu ramin fulofi, saura suka bi sahu sannu a hankali, a watan Maris na 2011 kuma Sony ya daina ƙera faifan.

Sai dai daina ƙera shi bai hana a ci gaba da aiki da shi ba. Rundunar sojan saman Amurka ta ci gaba da amfani da fulofi mai inci 8 a tsarin isar da umarni na makaman nukiliya har zuwa 2019. Wasu jiragen sama samfurin Boeing 747-400 da fulofi ake ɗora musu sabbin bayanan hanya duk bayan kwana 28. A birnin San Faransisko, na'urar da ke sarrafa jiragen ƙasa na cikin gari, wadda aka kafa a 1998, da fulofi ake tayar da ita, sai a 2024 aka amince da kwangilar dala miliyan 212 da kamfanin Hitachi don sauya ta. Wanda ya san injuna ba zai zargi waɗannan mutane da rashin wayewa ba. Abin da aka gwada shekara da shekaru bai ba da kunya ba, musamman inda ran mutane yake, ba a yi masa gaggawa. Shi ya sa har yanzu akwai wani ɗan kasuwa a Kalifoniya, Tom Persky, da sana'arsa ke nan: sayen tsofaffin faya-faye, ya gwada su, ya sayar wa masu bukata.

To amma abin da ya kawo ni yau ba faifan ba ne shi kaɗai. Faifai akwai shi birjik, an ƙera biliyoyi. Abin da ke ƙarewa a kan idonmu ita ce na'urar da ake zura shi a ciki, mai juya shi tana karantawa. Manyan kamfanonin da suka shahara da ƙera ta, irin su TEAC da Mitsumi da Panasonic da Sony, sun daɗe da rufe wannan babi. Duk wadda ta lalace ko aka farfasa cikin waɗanda suka ƙera, an rage guda ke nan a duniya, ba kuma za a mayar da gurbinta ba. Faifai ba tare da na'urarsa ba akwati ne da makullinsa ya ɓata: kayanka na ciki, kana rungume da shi, amma ba ka da iko da ko tsinke.

Ku ji abin da ake samu idan an buɗe irin waɗannan faya-faye. A 1985 kamfanin Commodore ya ba wa shahararren mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, kwamfutar Amiga don ya gwada zane da ita. Ya rasu a 1987, faya-fayen da ya adana zanen suka yi ta zama a ma'ajiyar kayan tarihinsa da ke Pittsburgh, babu mai iya buɗe su. Sai a 2014 aka sanar cewa wata ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci ta Jami'ar Carnegie Mellon ta ciro zanen da aka yi kusan shekara 30 ba a gani ba. Waɗanda suka yi zaman shagon kwamfuta a shekarun 1990 kuma za su tuna wasan nan na Prince of Persia. Wanda ya ƙirƙire shi a 1989, Jordan Mechner, ya ɗauka ainihin rubutun manhajar ya ɓace, har 2012 da mahaifinsa ya tarar da wani kwali a gida ya aika masa. Ga faya-fayen a hannu, amma sai da aka kira ƙwararru biyu, Jason Scott da Tony Diaz, suka zo da tsofaffin na'urorinsu kafin aka iya kwashe abin da ke ciki. Ita ma Jami'ar Kambirij ta Ingila, da aka kai mata takardun masanin kimiyya Stephen Hawking, ta tarar da fulofi a ciki. Ɗakin karatunta ya kafa shiri na musamman don tattara ilimin karanta waɗannan faya-faye, kuma wurin tsofaffin masu gyara da masu sha'awa suka je neman sa, don a hannunsu ilimin ya rage.

Mu a nan, me muke da shi a kan fulofi? Ku tuna shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Ɗalibin da ya gama kundin digirinsa a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, a shagon buga takardu aka buga masa, aka miƙa masa disket. A wannan zamani ne adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuta maza da mata suna kai rubutun hannu a buga musu a kwamfuta kafin a kai maɗaba'a. Littattafai nawa ne daga cikinsu yanzu ko a wurin marubutan ba a samun kwafi? Akwai rubutun fina-finai na farkon masana'antar fim ta Hausa. Akwai mujallu da jaridun da suka daina fitowa. Akwai malaman jami'a da suka rasu suka bar littafin da ba su kammala ba. Sannan akwai kiɗa: fiyanon Yamaha na jerin PSR da ɗakunan kiɗa suka yi tashe da shi, samfura da dama cikinsu, irin su PSR-730 da PSR-2000, suna da ramin fulofi. Abin da ake adanawa a kai ba murya ba ce, tsarin kiɗan ne, wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane sauti. Wanda ya samu irin wannan faifai ya samu kiɗan tsaf, kamar ranar da makaɗin ya tsara shi.

Ina jin takaici idan na tuna cewa rubutun ajami da kakanninmu suka yi da tawada a kan takarda shekara 200 da suka wuce ana karanta shi yau da ido kawai, amma abin da iyayenmu da yayyenmu suka buga shekara 25 da suka wuce yana neman gagarar mu.

To ina za a samo na'urar? Wuri na farko shi ne tsofaffin kwamfutocin tebur da aka jibge a sito-sito na makarantu da ma'aikatu da bankuna. Kusan kowace kwamfutar zamanin Pentium tana ɗauke da guda a gabanta, kuma da yawa ba a wahalar da su ba. Sai shagunan masu gyara, irin na Titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, inda za ka tarar da su a ƙarƙashin benci, an manta da su. Sai kuma wurin 'yan gwangwan, kuma nan ne abin yake da zafi. Su a kilo suke saye, abin da suke nema shi ne jan ƙarfe da alminiyon. Ba laifinsu ba ne, neman halaliyarsu suke. Amma guduma ɗaya ta isa ta raba mu da na'urar da za ta iya karanta faifai dubu. Wanda ke da sha'awa ya yi magana da ɗan gwangwan na unguwarsu, ya nuna masa siffar abin, ya yi masa alkawarin kuɗin da ya fi na kilo.

Idan faya-fayenka masu inci 3 da rabi ne na kwamfutar Windows ko DOS, aikinka mai sauƙi ne. Akwai na'urar fulofi ta waje mai wayar USB, kuma Windows na yanzu yana gane ta. In ka samu tsohuwa mai sunan kamfani sananne, ta fi sababbin marasa suna da ake sayarwa da araha. A kula da waɗanda suka zo da tsofaffin laftof masu wani irin baki na daban, don waɗannan da laftof ɗinsu kaɗai suke aiki.

Masu inci 5 da kwata su ne masu wuyar sha'ani. Su sai na'urar cikin kwamfuta, wadda ake haɗawa da babban allo ta wata faffaɗar waya mai layi 34. Allunan kwamfutocin yanzu ba su da wannan baki. Shi ya sa masu wannan harka ke ajiye kwamfuta guda ta zamanin Pentium II ko III, don tana da bakin fulofi, tana kuma da USB da za a kwashe abin da aka karanta. Wayar nan tana da jan layi a gefe guda, shi ne layi na farko, dole ya dace da lamba 1 a jikin na'urar. In an juya ta, za ka ga fitilar na'urar ta kama ta ƙi mutuwa. Da ka ga haka ka kashe, kada ka kuskura ka zura faifai, don tana iya ɓata abin da ke kai. Wayar wuta ma a duba ta da kyau kafin a kunna: babbar na'urar tana shan wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 12, in suka sauya wuri ta ƙone nan take. Akwai kuma wani tarko da ya daɗe yana cin mutane. Faifan kilobayit 360 layuka 40 gare shi a kowace fuska, na megabayit 1.2 kuwa 80 ne, kuma sun fi siranta. Na'urar 1.2 za ta karanta faifan 360 lafiya lau, amma in ta yi rubutu a kansa, sai ta bar siririn sabon layi a tsakiyar faffaɗan tsohon, na'urar 360 kuma ta rikice ta kasa karantawa.

Duk na'urar da ka samo, kada ka fara gwada ta da faifan da kake ji da shi. Ta yi shekaru tana shan ƙurar hunturu da laimar damina. Buɗe murfinta, ka hure ƙurar. Hed ɗinta, wato bakin da ke karanta faifan, guda biyu ne, sama da ƙasa. A goge su a hankali da tsinken auduga da aka tsoma a sifirit mai tsafta, irin wanda ake kira aisofurofil, a bari ya bushe. Kada a ɗaga hed na sama da ƙarfi. Man giris da ke kan sandar da hed ke zamewa yakan daskare, a goge shi a ɗiga sabo kaɗan. Wasu na'urorin da bel suke juyawa, bel ɗin kuma yakan saki ko ya narke ya zama danƙo, kamar yadda ya addabi masu kwamfutocin Amstrad a Turai. Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu gyara: sukurorin da ke riƙe da hed da ɗan injin da ke tura shi, a bar su yadda aka gan su. A masana'anta aka saita su da awo na musamman, in sun goce, mayar da su sai da kayan aikin da ba kowa ke da su ba. Bayan an gama, a gwada da faifan da ba a damu da shi ba.

Shi ma faifan a duba shi. A zame murfin ƙarfen, a juya na cikin a gaban haske. In an ga fari-fari ko dabbare-dabbare, fumfuna ce. Irin wannan in aka zura shi, dattin zai manne a hed, hed ɗin ya kankare maganin da ke jikin faifan, ya kuma lalata duk wanda aka saka bayansa. In ka ji na'ura tana ƙugi ko tana ƙara mai kaifi, cire faifan maza. Abin da hed ya kankare ya tafi ke nan.

Abu biyu nake so kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Na farko, a kulle faifai kafin a zura shi. Mai inci 3 da rabi yana da ɗan maɓalli a kusurwarsa ta baya, a tura shi har ramin ya buɗe kana hango haske ta ciki, to ya kullu, babu abin da zai iya rubutu a kansa. Mai inci 5 da kwata kuwa akasin haka ne, tsagar da ke gefensa ake liƙewa da tef mai duhu. Na biyu, in Windows ya ce maka faifan nan ba a tsara shi ba, ko kana so a yi masa fomat, ka ce a'a. Sau da yawa lafiyar faifan ƙalau, ba a irin wannan kwamfuta aka rubuta shi ba ne kawai. Tsofaffin faya-fayen Macintosh masu kilobayit 400 da 800 ana sauya musu saurin juyi ne daga gefe zuwa tsakiya, na'urar Windows kuwa gudu ɗaya ta sani, juyi 300 a minti. Amiga da nata tsarin mai kilobayit 880. Apple II da Commodore 64 kowace da nata. A wancan zamani kowane kamfani gaban kansa yake ci. Na tabbata an zubar da faya-faye masu lafiya da yawa saboda wannan tambaya guda da kwamfuta ke yi.

Maganin wannan matsala ya samu, kuma daga masu sha'awa ya fito. Akwai 'yan ƙananan alluna irin su KryoFlux da Greaseweazle, waɗanda ake sawa tsakanin tsohuwar na'ura da kwamfutar zamani. Ba ruwansu da wane kamfani ne ya rubuta faifan. Motsin maganaɗisun da ke jikinsa suke kwashewa ɗanyensa su adana, daga baya a zauna a warware shi a tsanake, ba tare da an sake wahalar da faifan ba. Greaseweazle, wanda masanin kwamfuta Keir Fraser ya ƙirƙira, tsarinsa a buɗe yake ga kowa kyauta, kuma ana iya harhaɗa shi da kayan da ba su da tsada. Ɗaliban sashen lantarki a kowace kwalejin fasaha tamu za su iya wannan aiki, kuma ya fi amfani a kan kundin da za a rubuta a jingine.

Akwai kuma waɗanda bukatarsu ita ce tsohon injinsu ya ci gaba da aiki: tela mai injin aikin zare da ke karɓar zane ta fulofi, mai fiyano, ko mai tsohuwar kwamfutar da yake ƙauna. Su akwai abin da ake kira Gotek, wanda ake sawa a gurbin na'urar, yana karɓar filashi, injin kuma ya ɗauka fulofi aka ba shi. Filashi mai gigabayit ɗaya zai ɗauki abin da ke kan faifai kusan 700. Ga mai neman abinci da injinsa, wannan ita ce shawarata, don bai kamata aikin mutane ya tsaya saboda faifai ya ƙi karantuwa ba. Amma Gotek ba ya karanta faifai. Don haka na'urar da aka cire, a naɗe ta a leda a adana, ko a ba wanda zai kula da ita. Masu son jin ƙarar na'urar ta ainihi a kan Amiga ko Commodore, na fahimce su, kuma ina girmama su, domin wannan ƙauna tasu ce ta sa ilimin bai mutu ba. Sai dai ko su, kwafi ya kamata su riƙa wasa da shi, su bar na asali ya huta.

In Allah ya sa faifai ya buɗe, a fara kwafe shi gaba ɗaya kafin a tsaya karanta komai, don wani faifan sau ɗaya zai yarda. A bincike shi da manhajar kashe bairos, domin ta fulofi cututtukan kwamfuta suka fi yaɗuwa a wancan lokaci. Rubutun da aka yi da WordPerfect ko tsohon Word, manhajar LibreOffice ta kyauta tana buɗe akasarinsu. In rubutun Hausa ne, kada a firgita idan an ga wasu alamomi a gurbin haruffa masu ƙugiya. A lokacin sai da salon haruffa na musamman ake buga su, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Da zarar an gane wace alama ce ke wakiltar wane harafi, a minti kaɗan za a mayar da su duka. Sannan a tuna cewa abin da ke kan faifan wani amana ce. Akwai wasiƙu, akwai lissafin kuɗi, akwai sirrin iyali. A nemi izinin mai shi, in ya rasu a nemi na magadansa, kafin a yaɗa komai.

Kirana ga cibiyoyin da ke riƙe da tarihinmu, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Gidan Mambayya a Kano, da ɗakunan karatu na jami'o'inmu a Najeriya da Nijar, shi ne kowace ta ware tebur guda don wannan aiki: tsohuwar kwamfuta ɗaya, na'urorin fulofi iri biyu, allon Greaseweazle, da ma'aikaci guda da aka koya wa. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba. A yi shela, marubuta da makaɗa da iyalan malaman da suka riga mu gidan gaskiya su kawo abin da ke hannunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma maganin da ke jikin faya-fayen nan kullum ƙara rauni yake, zafin ƙasarmu kuma ba ya raga masa.

Kai kuma mai saurarona, da ke da su a gida, yau ɗin nan ka fito da su. Ka kulle kowanne, ka jera su a tsaye cikin kwali mai murfi, nesa da rana da laima da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu. Kada ka goge abin da aka rubuta a jikin takardarsu, don shi zai gaya wa mai karantawa irin kwamfutar da aka yi aiki da ita. In kuma akwai tsohuwar kwamfuta a sitonku da ake shirin sayar wa 'yan gwangwan, sukurori huɗu ne ke riƙe da na'urar fulofin a yawancinsu. A kwance ta tare da wayarta, a ajiye, sannan a sayar da saura.